Shekara uku ina neman wanda zai mayar min da ƙashi wurinsa

Assalamu alaikum. Na daɗe ina son in rubuta wannan labarin sai in ce wa zai tsaya karanta labarin ciwon bayan wani, to shekaranjiya yaron da nake koya wa ɗinki ya nuna min wani bidiyo a wayarsa, an kwantar da mutum an murɗa masa wuya ya yi ƙas, yaron yana dariya yana cewa oga kai ma irin wannan aka yi maka ko, shi ne na ce bari dai in zauna in faɗi yadda abin ya kasance ko Allah zai sa wani ya amfana.

Ni tela ne, tun ina ɗan shekara 13 nake kan keke. Duk wanda ya san ɗinki ya san zaman, kai a sunkuye, kafaɗa a gaba, wani lokaci tun safe sai dare ba ka miƙe ba sai in za ka yi yanka ko guga. Tun ina saurayi nake jin ƙuguna yana riƙewa da yamma amma ban ɗauke shi komai ba, gajiya ce, in na kwanta na tashi shikenan. Sai da na kai 34 abin ya nuna min asalin kalarsa. Ranar za mu canza wa keken wuri, irin manyan nan masu mota, yaran ba su zo ba ni kuma ba na son jira, na sunkuya na rungumi kan keken na ɗaga na juya a lokaci ɗaya. Wallahi ji na yi kamar an soka min wuƙa mai zafi a tsatso. Na ajiye keken ban ma san yadda na ajiye ba, na durƙusa a wurin na kasa miƙewa, zufa tana zuba min, sai da aka kama ni mutum biyu.

Satin farko na ce zai wuce. Na sayi maganin ciwon jiki ina sha, diklofenak safe da yamma, wani lokaci in ƙara da ibufurofen a kai saboda wani ya ce min haɗin ya fi aiki, ban san dangi ɗaya ba ne kuma duk cikina suke ci. Ciwon ya ɗan lafa amma sai ya canza hanya, ya bar tsakiyar baya ya gangaro ɗuwawun hagu, ya bi bayan cinya ya sauka har ƙaramin yatsan ƙafa, kamar an ɗaura min wayar wuta. In na yi tari ko atishawa sai na riƙe bango. Safa kuwa matata ke sa min. Akwai ranar da 'yata ƙarama, lokacin shekararta biyu, ta rugo da gudu ta ɗaga hannu tana cewa Baba ɗauke ni, na miƙa hannu sai bayan ya ce ba ka isa ba, na tsaya ina kallonta tana kuka, na shiga ɗaki ni ma na yi nawa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba sai yau.

Wata bakwai ina wannan shan magani har cikina ya fara zafi da dare, aka ce ulsa ce ta fara kama ni, aka hana ni ƙwayoyin. Aiki ya ja baya, kwastomomi suka fara kwashe kayansu, kuma ban ga laifinsu ba, mutum ya kawo ɗinki ka ce sati biyu ya zama wata biyu. Abin da ya fi ciwon cin raina shi ne ba a ganinsa. Mai karaya ana ganin bandeji, kai kuwa ana ganinka garau sai ana tunanin lalaci ne ya kama ka, har a cikin dangi na ji an ce wai son jiki ne.

A wannan halin ne na faɗa kallon bidiyoyin masu gyaran ƙashin baya, waɗanda ake kira kairofrakta. Dare ya yi ba barci, waya a hannu, ina kallon mutum ya shigo a lanƙwashe, a kwantar da shi a danna ya yi ƙara ya tashi yana murmushi wani har da hawaye. Na kalla ya fi ɗari. Kuma bayanin da suke yi ya shiga kaina sosai saboda mai sauƙi ne, ƙashi ya goce daga wurinsa ya danne jijiya, a mayar da shi ciwo ya tafi. Ni da nake gyara keke da hannuna na san in allura ta goce saiti kawai ake yi, sai na ce ashe bayana ma saiti yake so.

Wani abokina ya haɗa ni da wani mutum da ya ce shi wannan aikin yake yi. Ba zan faɗi sunansa ba ko inda yake. Ɗaki ne mai kyau, ga gado na musamman, ga ƙashin baya na roba a kan tebur, ga farar riga. Bai tambaye ni komai ba sai ina ne ke ciwo. Ya sa na kwanta rub da ciki ya haɗa dugadugaina ya ce ka gani, ƙafarka ɗaya ta fi ɗaya gajarta, ƙugunka ya karkace, ƙasusuwa uku sun fita. Ya juya ni gefe ya naɗe min ƙafa ya hau da nauyinsa ya danna, sai ji na yi ƙarararas. Gaskiya ba zan yi ƙarya ba, da na tashi na ji sakayau, na yi tafiya a ɗakin ina jin kamar an sauke min buhu, na riƙe hannunsa ina ta godiya. Ya ce ai ba a gama ba, sai na zo sau uku a sati na wata uku, kuma in biya gaba ɗaya ya fi sauƙi. Ya ce har ulsar ma daga bayan take, in ƙashi ya koma ita ma za ta tafi, hawan jini da asma duk yana gyarawa. Na sayar da keke ɗaya na biya.

Daɗin yakan yi min kwana ɗaya, wani lokaci rabin yini, sai ciwon ya dawo, in na faɗa masa ya ce ƙashin ne ya sake fita saboda na yi zaman da bai dace ba. Sai na zama mai tsoron jikina, ina tafiya kamar wanda ya ɗauko ƙwai a faranti kar ƙashi ya fita. Na daina sunkuyawa kwata-kwata, na daina ɗaukar ko butar ruwa. Kuma kullum sai ya haɗa da wuya duk da ni wuyana lafiyarsa ƙalau, ya ce ai layi ɗaya ne. A zuwa na goma sha wani abu, bayan ya murɗa wuyan sai ɗakin ya fara juya min, amai ya taso, na zauna kusan rabin awa. Ya ce alama ce jini ya fara gudu. Na yarda na tafi gida.

Abin da ya fitar da ni daga hannunsa ƙafa ce. Wata safiya na zo hawa bene sai na ga ƙafar hagu ba ta tura ni, na gwada tsayawa a kan yatsu da ita na kasa, gefen tafin kuma ya mutu kamar ba nawa ba. Ƙanina ya ce Yaya wannan karon ko ka ƙi ko ka so asibiti za mu, ya sa ni a mota.

Likitan ƙashi da ya duba ni ya ɗau lokaci, ya buga min ƙaramar guduma a gwiwa da bayan idon sawu, na hagu bai motsa ba, ya ɗaga ƙafar a miƙe na yi ihu tun ba ta yi nisa ba. Sai ya yi min wasu tambayoyi da na ji kunya, Malam fitsari yana fita daidai, kana jin lokacin da bayan gida zai zo, in ka yi tsarki kana jin wurin ko ya mutu. Na ce lafiya lau. Ya ce Alhamdulillah, amma ka riƙe wannan, duk ranar da ɗaya daga cikinsu ya canza ko ƙafa biyu suka mutu tare, ko tsakar dare ne ka taho, domin alama ce tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka sun matse, wannan tiyatar gaggawa ce, jinkiri yana iya barin mutum da lalurar har abada. Aka yi min hoton MRI, wato hoton da ke nuna cikin jiki har da jijiyoyi. Ya nuna min a allo, ya ce ƙashin baya gaɓoɓi 33 ne, 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sauran na ƙasa sun haɗe, tsakanin gaɓa da gaɓa akwai faifai mai kama da matashi, tsakiyarsa taushi gefensa tauri. Nawa na can ƙasa, wanda suke kira L5-S1, shi ne ya tsage abin ciki ya ɓullo ya taɓa jijiyar da ke sauka ƙafa. Na ce Likita to ƙasusuwa ukun da suka fita fa. Ya juyo da allon ya ce nemo min su. Ga su nan a jere kowanne a wurinsa. Ya ce da gaɓar bayanka ta goce da gaske irin yadda aka faɗa maka, da hatsari ne babba kuma ba hannu ne zai mayar da ita a minti ɗaya ba.

Da na ba shi labarin jirin nan fuskarsa ta canza. Ya ce akwai jijiyoyin jini guda biyu da ke bi ta cikin ramukan ƙasusuwan wuya suna kai jini bayan ƙwaƙwalwa, murɗa wuya da ƙarfi ana danganta shi da tsagewar bangon jijiyar, abin da kan iya kawo shanyewar ɓarin jiki. Ya ce ba kasafai yake faruwa ba, kuma masana suna ta muhawara ko murɗawar ce ke jawo shi ko kuwa wasu dama jijiyar ta fara tsagewa shi ya sa wuyan ke ciwo suka je a murɗa, amma ko wanne ne, mutum ya ji jiri ko gani biyu ko magana ta karye bayan an taɓa masa wuya, asibiti ake nufa. Na yi shiru ina tuna rabin awar nan da na zauna ana ce min jini ne ke gudu.

Ni na zata tiyata za a ce. Sai ya ce a'a mu jira tukuna muna lura da ƙarfin ƙafar, saboda mafi yawan irin wannan faifan da ya ɓullo jiki da kansa yake shanye shi a hankali cikin watanni. Ya tura ni wajen masu gashin ƙashi, fisiyo. Na yi wata huɗu ina atisaye, ƙarfin ƙafar ya dawo kaɗan-kaɗan, wutar da ke sauka ƙafa ta ja baya ta koma cinya, ta koma ɗuwawu, ta tafi. Amma ƙugun bai sake ni ba, nauyi da riƙewa kullum, musamman in na zauna kan keke awa ɗaya.

A wannan zaman ne na shiga karance-karance a kan wannan aikin na masu danna ƙashin baya, kairofraktik, haushi ne ya sa ni, ina so in san wa ya ƙirƙiro shi. Ashe wani mutum ne Daniel David Palmer a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka, shekarar 1895. Shi ba likita ba ne, da maganin maganaɗisu yake yi. Ya ce ya danna bayan wani mai kula da ginin da yake aiki, Harvey Lillard, wanda ba ya ji sosai, sai jinsa ya dawo. Ni dai da na karanta cewa jijiyar ji a cikin ƙoƙon kai take ba ta biyo ta baya ba sai na yi dariya ni kaɗai. Palmer ya tafi a kan cewa kashi 95 cikin 100 na cututtuka daga gocewar gaɓoɓin baya suke, har an ɗaure shi a 1906 saboda yin magani ba lasisi. Kenan maganar da mutumina ya yi min ta ulsa da asma ba shi ya fara ba, gado ya yi, kuma bincike bai tabbatar da ita ba. Ƙarar nan ma da na sayar da keke saboda ita, iska ce, akwai ruwa a cikin gaɓa, in aka buɗa gaɓar da sauri sai kumfar iska ta samu ta yi sauti, daidai da wanda ke jan yatsunsa suna ƙas-ƙas, shi ya sa in ka ja yatsa sai ka jira kamar minti 20 kafin ya sake yi. A 2015 wasu masu bincike a Kanada sun sa yatsa a na'urar MRI suka ja suka ga kumfar tana fitowa.

To amma a nan ne labarin ya ƙi tafiya yadda nake so, domin ni so nake in samu hujjar cewa duk ƙarya ce in huce. Sai na ga ƙungiyar likitocin cikin jiki ta Amurka a 2017 ta sa danna ƙashin baya cikin abubuwan da za a iya gwadawa kafin a kai ga ƙwayoyi, tare da ɗumama wurin da tausa da motsa jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2023 ta sa shi cikin abin da za a iya yi wa mai daɗaɗɗen ciwon ƙugu, a matsayin ɓangare na kulawa. Binciken da aka tattara ya nuna yana rage ciwon ƙugu kaɗan zuwa matsakaici, kusan daidai da sauran hanyoyi irin su atisaye, bai fi su ba. Kenan sauƙin da na ji ranar farko ba mafarki na yi ba, fassarar da aka ba ni ce ƙarya. Kuma tun 2005 hukumar ta fitar da ƙa'idar horon masu wannan aikin, sa'o'i 4,200 cikin shekara huɗu, 1,000 daga ciki aiki a kan marasa lafiya ƙarƙashin kulawa. Mutumina ban taɓa tambayarsa takarda ba, farar riga kawai na gani.

Mai yi min fisiyo ce ta ce akwai wata da ta yi karatun kairofraktik na gaske, in ina so in gwada tunda ƙafa ta warware. Na ce Allah ya kiyaye, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma gudu yake. Sai da na yi wata biyu ina juya maganar, na koma wajen likitana na tambaye shi, ya ce tunda jijiyar ta saki ba laifi, ƙugu kawai, kar a taɓa wuya.

Ranar farko wajenta ba ta danna ni ba sam, har na ji haushi na ce kuɗina ya tafi a surutu. Kusan awa ɗaya tana tambaya, ko na rame ba dalili, ko ina zazzaɓi ko zufar dare, ko na taɓa tarin fuka saboda yana kama ƙashin baya, ko akwai tarihin ciwon daji, ko ina shan maganin tsinka jini ko na daɗe ina shan sitiroyid, wani nau'in maganin rage kumburi. Ta karanta hoton ta sake gwada ƙafar. Na ce mata Likita kin ga ƙafata ɗaya ta fi gajarta, ta ce Malam kusan kowa ƙafafunsa ba daidai suke cif ba. Ta ce za mu gwada sau shida, in ba ka ga canji ba ka daina zuwa kar ka ɓata kuɗinka, kuma abin da zan yi maka taga ce kawai nake buɗe maka ta kwana ɗaya ko biyu da ciwon zai ragu, in ba ka yi motsi a cikinta ba za ta rufe. Ta ce bayanka ba gilashi ba ne. Wannan maganar ta fi dannawar yi min aiki, domin shekara biyu da wani abu ina rayuwa kamar gilashi.

Ta danna a hankali, wata rana ya yi ƙara wata rana bai yi ba, ta ce ƙarar ba ita ce ma'auni ba. Washegarin kowace dannawa nakan ji ɗan tsami kamar wanda ya yi aikin ƙarfi, ta riga ta faɗa min hakan yana faruwa. Ta koya min sunkuyawa daga ƙugu da gwiwa, ta sa na ɗauki jarka rabi daga ƙasa a gabanta hannuna na rawa don tsoro. Sau biyar na je, a na biyar ta ce kar ka dawo sai in wani abu ya taso.

Yanzu shekara biyu kenan da wannan. Ban warke sarai ba, kar wani ya ce na ce na warke. In aiki ya yi yawa na manta na zauna awa uku ƙugun yana tuna min, a shekarar nan sau biyu ya riƙe ni na kwana uku-uku. Bambancin shi ne yanzu ba na firgita, ba na kwanciya, ina tafiya ta a hankali in sa ruwan ɗumi ya wuce. Na sa ƙararrawa a waya duk minti 40 in miƙe, yaran suna min dariya suna cewa oga lokacin fareti ya yi. Na ɗaga teburin yanka ya kai min ƙugu. Keken da na sayar har yau ban mayar ba, in na tuna sai raina ya sosu, ba ma kuɗin ba, yadda na riƙe hannun mutumin ina masa godiya. Yarinyar nan ta yi girman da ba ta cewa a ɗauke ta, amma ƙaninta ina ɗaukarsa har a wuya.

Watannin baya mahaifiyata ta fara kukan baya, shekarunta sun haura 70, ta ɗan ranƙwafa kuma ta rage tsawo. Ta ce kai ka kai ni wajen matar nan da ta gyara ka. Na ce Inna ba gyara ni ta yi ba, ta ce kai dai kai ni. Na kai ta. Matar ta dube ta, ta ɗan ƙwanƙwasa tsakiyar bayan da gefen hannu Inna ta zabura, sai ta ce Mama ni ba zan danna ki ba, ina zargin ƙashinki ya yi rauni irin na manyan mata bayan ɗaukewar al'ada, in na danna zan iya karya ki, a je a yi hoto tukuna. Inna ta fito tana faɗa a mota wai mun zo tun daga nesa ko taɓa ta ba a yi ba, wannan wace irin likita ce. Aka yi hoton, gaɓa ɗaya ta riga ta lotsa da kanta ba tare da ta faɗi ba. Tana kan maganin ƙarfafa ƙashi yanzu, kuma har yau in maganar ta taso cewa take matar nan rowar hannu gare ta.